Godiya ga kulob ɗin GAA (hukumar wasannin gargajiya na Ireland) na unguwarmu a yammacin Landan

Zuwa ga shugabanni da masu horarwa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mu iyayen yaran da suka shigo ƙungiyar hurling (wasan gargajiya na Ireland da ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo) bana muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, musamman baiwar Allah da ke horar da 'yan ƙasa da shekara 12.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba ta fara da maganar kuɗi ba. Kowane yaro sai da ta tsayar da shi, hannu a sake, ta auna masa sanda daga ƙasa zuwa wuyan hannu. Ta ce sanda in ta yi tsawo bakinta ƙasa yake sara, yaro ya yi ta kuskure ƙwallo har ya tsani wasan. Hannun da ya fi ƙarfi shi ke sama a riƙo. Wanda ya saba da akasin haka, gyaransa sai an sha wuya. Hular kwano mai waya a fuska, wadda GAA ta wajabta wa kowa tun 2010, aro aka ba su, an daidaita maɗaurin haɓa yadda ba za ta zame ta rufe ido ba. Ƙwallo ma da mai laushi aka fara, kafin sliotar, wato ƙwallon hurling mai tauri na gaske.

Har ajiyar sanda ta koya mana. Itacen ash ne, in aka jingine shi kusa da hita ko aka bar shi a but ɗin mota da zafi, bushewa yake ya tsage a karon farko. Wuri mai sanyi yake so.

Rajista da sauran takardu ba su ɗauki lokaci ba.

Wannan kuwa ya bambanta da abin da muka saba gani a wasu makarantun ƙwallon ƙafa, inda kuɗin wata da na riga ke gaba, yaro kuma ya ƙare a benci. A nan, bisa tsarin Go Games, wato tsarin wasannin yara na GAA, kowane yaro sai ya buga, kuma masu horarwar duk aikin sa kai suke yi, cikin ruwa da sanyi. Abin takaici, a wurare da dama ko sunan yaro ba a riƙewa sai ranar karɓar kuɗi.

Yanzu yaranmu sun san jefa ƙwallo a raga maki 3 ne, tsallake saman sandar raga maki 1, har suna roƙon a kai su filin wasa na McGovern Park da ke Ruislip kallon manya.

Allah ya saka da alheri.

Naku,
Iyayen sababbin 'yan wasa