Wasiƙar Makaranta: Gorar da Ke Tsakar Filinmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Ya damina? Allah ya sa a kwashe amfani lafiya.

Iyaye da dama sun tare mu a bakin ƙofa suna tambayar me ya sa yara suka ishe su da zancen ruwa, wasu har sun kwashe gorunan robar gida. Mu ne muka jawo. Tun faɗuwar damina 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka kafa ma'aunin ruwan sama a tsakar fili. Gora ce aka yanke wuyanta aka kifa shi ciki kamar mazurari, aka zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, aka manna rula a jikinta. Kullum kafin a shiga aji mutum biyu ke durƙusawa, su daidaita ido da bakin ruwan, su rubuta milimita nawa ya sauka. Ran nan akuyar maƙwabta ta riga su zuwa ta yi fatali da aikin, shi ya sa kuka ga shingen ƙaya.

Abin da ya fi ɗaure wa yaran kai shi ne jin cewa hadarin da muke gani yana tasowa daga gabas, yawancin danshinsa iskar damina ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma. Malamin labarin ƙasa ya nuna musu hoton na'urorin Argo, kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso bayan kwana 10 ta aika ma'aunin zafi da gishirin ruwa ta tauraron ɗan'adam. Zafin teku kuwa yana cikin abin da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke dubawa kafin ta fitar da hasashen damina a farkon shekara.

Da aka dawo kan kogin Haɗejiya ne aji ya kaure. Yaran sun bi shi a taswira daga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ya ratso garinmu, ya haɗu da na Jama'are a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Sun kuma gane alaƙar ruwan da ba ya ƙafewa da rani da yaɗuwar ciyawar kachalla, wadda ke toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana. 'Ya'yan masunta da na manoman shinkafa ba su buƙaci dogon bayani ba a nan, su suka koma koyar da malam.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: to wai ruwan na waye? Na Kano da aka tare shi, ko namu, ko na mutanen Gashuwa da ke jiran ragowa? Malam ya ce dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora ikon kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa kowa ɗibar na amfanin gida da shayar da dabbobi kyauta. Malamin addini ya ƙara da hadisin da ke cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. A ganinmu tambayar ta fi amsoshin nauyi, kuma ba mu rufe ta ba.

Ga roƙonmu. Kowane ɗalibi zai zo gida da littafin tambayoyi a kan farin 1973 da na 1984, da ambaliyar 2022: ina ruwa ya kai, me aka shuka, wace hanyar ruwa ce ta mutu. Don Allah a bar su su zauna da kakanninsu, ko na rabin awa ne bayan la'asar. Wanda ba shi da kaka a kusa, dattijon unguwa ya wadatar. A dawo da littafin kafin jarabawar ƙarshen zango, kuma mai gorar roba da ba ya amfani da ita ya aiko mana, 'yan aji ɗaya ma sun ce sai sun kafa tasu.

Wassalam,
Hukumar Makaranta