Shekara 10 a coci, har yanzu madara muke sha?

Edita, barka da aiki. Ni Kirista ne a Nima, Accra, shekara 10 da yin baftisma amma gaskiya har bara in yaron trotro (motar haya) ya riƙe min canji sai zagi, to ina girman yake? A Littafi Mai Tsarki, Ibraniyawa sura 5 ta ce madara ta jarirai ce, abinci mai tauri na manya. Mu kam mun fi son addu'ar dare da kiɗa, in fasto ya ce a yafe wa maƙwabci sai kowa ya sunkuyar da kai. Sauya hali akwai ciwo fa, ranar da na je ba ɗan'uwana haƙuri kan rigimar sidi 200 sau biyu ina juyawa daga ƙofarsa kafin na yi sallama.

Naka mai karatu, daga Nima