A Binciki Halin Yaro Sosai Kafin a Tsayar Masa da Balaga

Edita,

Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda ake kula da yara da matasan da ke cikin matsanancin ƙunci saboda jin cewa jinsin da aka haife su da shi bai dace da su ba. Wannan daban yake da lamarin mata-maza, wanda likita kan gano a halittar jiki.

Hanyar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ta samo asali ne daga likitocin Amsterdam a shekarun 1990. Da zarar alamun balaga sun fara bayyana, sai a riƙa yi wa yaro allurar da ke tsayar da ita, daga baya, galibi a shekara 16, a ba shi sinadaran ɗaya jinsin. Masu goyon bayanta, har da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, suna cewa tana rage wa yaron raɗaɗi, tana kuma ba shi lokacin yin tunani.

Sai dai Finland a 2020 da Sweden a 2022 sun ja birki. A Ingila kuwa, yaran da ake turawa cibiyar Tavistock ta Landan, mai kula da irin waɗannan yara, sun tashi daga ƙasa da 250 a shekara zuwa sama da 5,000 cikin shekara goma, akasarinsu 'yan mata, da yawansu kuma suna fama da ciwon damuwa ko lalurar galahanga. Rahoton da Dakta Hilary Cass, likitar yara da hukumar lafiya ta Ingila ta ɗora wa alhakin binciken lamarin, ta fitar a Afrilun 2024 ya nuna cewa hujjojin amfanin allurar raunana ne, ga fargabar illa ga ƙarfin ƙashi da haihuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan duk waɗanda aka fara yi wa allurar sun zarce zuwa mataki na gaba, to ina lokacin tunanin da ake faɗa?

A ganina, wajibi ne ƙwararru a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa su zauna da yaron da iyayensa, su bi diddigin damuwarsa, su fara magance sauran lalurorin da ke tattare da shi. Amma taka-tsantsan ba ya nufin a yi watsi da shi ko a bar shi shekaru yana jiran layi, kamar yadda ya faru a Tavistock kafin rufe ta a 2024. Yarinyar da ke ƙin cin abinci, tana ɗaure ƙirjinta har numfashi ya yi mata wuya, duka ko tsangwama sai dai su sa ta daina faɗa wa iyayenta abin da ke damunta.

Wassalam,
Wani mai karatu