A bambance mana abin da za mu biya a kuɗin wuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Kirana ga ARSE ne, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi a Nijar: ta fayyace irin kuɗaɗen da kamfanin wuta ke da izinin ɗora wa jama'a. Man injuna, da wutar da ake sayowa daga Najeriya, da gyaran layuka, ba gardama, mu za mu biya. Amma asarar wutar da ɓarayi ke ja ta bayan fage fa? Ko bashin manyan da ke jan ƙafa wajen biya? Mai walda a Tawa da ba ya tsallake wata, ina ruwansa da wannan?

Kafin a taɓa farashi, a buga lissafin a jarida, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo.

Mai karatunku,
daga Tawa