Matan da suka yi gwajin bakin mahaifa sau ɗaya ba su koma ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan matan da suka taɓa yin gwajin kansar bakin mahaifa amma ba su sake komawa ba, don ni ma ina cikinsu har kwanan baya. Kullum kira ake mata su je su yi, to wadda ta je fa, wa ke bibiyarta?

Ranar da na yi nawa ma'aikaciyar cewa kawai ta yi ba komai kina lafiya, ta kira ta gaba. Wallahi na fito ina ganin shi ke nan na gama har abada. Ba wanda ya faɗa min cewa ƙwayar HPV da ke jawo cutar mace na iya ɗaukarta bayan an gwada ta, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye, ba ciwo ba jini, kafin abin ya zama kansa. Ashe shi ya sa hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce daga shekara 30 a riƙa maimaitawa, in gwajin HPV ne duk bayan shekara 5 zuwa 10, in wanda ake dubawa da ido ne duk shekara 3, mai ɗauke da HIV kuma tun daga 25 za ta fara kuma nata ya fi kusa-kusa. Wadda aka ga alama aka yi mata magani ita bayan shekara ɗaya ake son ganinta. Wannan bayanin minti nawa zai ci?

Sai kuma yadda ake gwajin. Mace ta cije ta danne kunya ta kwanta, a saka mata ƙarfen nan da ake buɗe gaban mace da shi don a duba ba a ce mata ga abin da za a yi ba, labule a buɗe mutane na shige da fice, in ta ce da zafi a daka mata tsawa, don Allah wannan ta yaya za ta dawo? Kuma ba shiru za ta yi ba, sai ta ba ƙawayenta labari su ma su fasa. Wata kuma sakamakon ne ta yi ta sintiri ba ta samu ba har ta gaji, ga kuɗin mota ga yara ga wuni guda a layi. Wata tsoro ne kawai, gani take in aka sake dubawa za a gano wani abu.

Roƙona ga asibitoci, a rubuta wa mace ranar dawowa a katinta, a tura mata saƙo a waya in lokacin ya matso, kuma inda akwai hali a ba ta abin ɗaukar samfuri da kanta tunda WHO ta amince da hakan a gwajin HPV.

Ni dai na koma watan jiya, kuma ban tashi daga kujera ba sai da aka rubuta min shekarar da zan dawo.

Wassalam,
Wata mai karatu