Zuwa ga abokan cinikinmu na Tawa: maganar rufe marfin kwamfuta

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya kuma zafin bazara?

Wani kuskure ne namu muke so mu gyara, shi ya sa muka rubuto. Da yawanku, musamman ɗaliban jami'a da masu haɗa kwamfuta da talabijin, kun sha zuwa shago kuna cewa a hana na'ura yin barci idan an rufe marfi, don abin da kuke saukewa daga intanet kada ya yanke. Mu kuwa sai mu yi muku ba tare da dogon bayani ba. Ashe mun bar baya da ƙura.

A makon jiya wani malamin makaranta ya kawo tasa. Ya rufe ta bayan ya tashi daga aiki, ya zura a jaka, ya hau kabu-kabu da tsakar rana. Da muka kwance ta, batir ya kumbura kamar fanke, har ya ɗaga wurin da ake goga yatsa. Hannunmu ne ya saita ta haka, don haka ba mu karɓi kuɗin aiki ba. Kwamfutar da aka ce kada ta yi komai in an rufe ta, aiki take ci gaba da yi. Fankarta na neman iska, jaka kuma ta toshe ramukan. Ku haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu a Adar, inda ake wuce digiri 40, batirin litiyom ba ya jure shi.

Daga yau ga yadda za mu riƙa saitawa, kuma kowa na iya yi da kansa. A Windows 10 da 11 na Faransanci, ku buɗe Panneau de configuration, ku shiga Options d'alimentation, a gefen hagu ku danna « Choisir l'action qui suit la fermeture du capot ». Za ku ga layi biyu. A ƙarƙashin Sur secteur, wato lokacin da take jone da wuta, ku zaɓi Ne rien faire, wato kada ta yi komai, in kuna bukata. A ƙarƙashin Sur batterie kuwa, mu shawararmu Mettre en veille prolongée, wato dogon barci. Kada ku manta da danna Enregistrer les modifications, nan ne mutane suka fi tuntuɓe.

Me ya sa ba barcin nan na yau da kullum ba? Shi wannan barcin, wato Veille, yana riƙe aikinku a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke bukatar wuta, yana tsotsar batir kaɗan kaɗan, wasu sabbin na'urori ma sukan farka a cikin jaka ba da saninka ba. Dogon barcin kuwa yana kwashe komai ya rubuta a faifai, na'ura ta mutu gaba ɗaya, in ka kunna ka tarar da takardunka inda ka bar su. Tana ɗan jinkiri wajen tashi, amma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, mun ga wannan ya fi. Wanda bai ga zaɓin a tasa ba, a kashe yake, minti biyu ne mu kunna.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: ba maɓalli ne ke gaya wa yawancin kwamfutoci an rufe su ba, ɗan maganaɗisu ne a marfin. Shi ya sa in ka aza waya ko lasifika a gefen madannai allo kan iya mutuwa, ka zaci lalacewa ce.

Duk wanda muka taɓa saita wa tasa, ya kawo mu duba kyauta, safe ko bayan la'asar. Wanda kuma ya ga batirinsa ya fara tasowa, don Allah kada ya matsa shi, kada ya ƙara sa shi caji, ya kawo shi haka nan.

Mun gode da haƙurinku. Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu shagon gyaran kwamfuta