Godiya ga masu wurin motocin da suka hana ni sayen motar da na je saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai wurin sayar da motoci na bakin titin Yakubu Gowon a nan Jos, da yaransa, musamman dattijon bakaniken da kowa a wurin yake kira Baba.

Alhaji, ka roƙe ni kada in sa sunanka ko na wurinka a rubutu, wai ba ka son abin ya zama kamar talla. Na ji, na bi. Amma godiyar kam ba zan fasa ba. Wata huɗu ke nan motar tana hannuna, kuma da gangan na yi shiru tsawon wannan lokaci, don an ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na yi ta jiran ranar da abin da kuka ɓoye zai fito. Har yau bai fito ba.

Ni malamar makaranta ce. Gidana yana wajen titin Bauchi, aikina yana Bukuru, a tsakani kuma akwai ajiye yara da ɗauko su. In an haɗa, ina cin kusan kilomita 40 a rana. Motar da marigayi maigidana ya bar mana babba ce mai silinda shida, mai daɗin zama, kuma lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba, ban taɓa tambayar nawa take sha ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta haye 500. A watan Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Daga nan motar ta zama kishiyar tukunyata. Sai in tsaya a gidan mai ina lissafin ko in zuba na kwana uku ko in sayi shinkafa. Akwai watan da na ajiye ta na koma hawan Keke, na riƙa isa makaranta bayan an shiga aji, ni da nake tsare ɗalibai a bakin ƙofa in sun makara.

Da na yanke shawarar sayar da ita in nemi ƙarama, na ɗauka abin na mako biyu ne. Wata uku na yi ina yawo.

Abin da ya fi ci mini rai ba tsada ba ce, don kowa ya san tun da aka saki naira a 2023 kuɗin motar Beljiyam ya tashi. Raini ne. In na je da ƙanena, ni ce mai kuɗin, ni ce mai tuƙin, amma shi ake kallo ana bayani, ni kuwa sai a ce, "Hajiya, kin ga kalarta?" In na je ni kaɗai, farashi ya ƙaru. Kowace mota na nuna, amsar ɗaya ce: "Wannan ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi." Har wata mai silinda shida irin tawa an ce mini haka a kanta, ina tsaye da makullin 'yar'uwarta a jaka. A wani wuri an nuna mini wata ƙarama mai kyan fenti, sai da ƙanena ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga alamar walda, ashe mai tuƙin dama ce aka juya ta. Ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, motocinmu masu sitiyarin hagu ne, amma mai wurin ya ce mini wai haka kamfani ya yi ta. Wata kuma agogonta na nuna ba ta yi tafiyar kirki ba, alhali robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya fito. Takardun kwastan kullum "suna hanya". Dillalai kuwa, kafin a gama gaisawa mutum huɗu sun tsaya a bayana, kowa na jiran la'adarsa a kan cinikin da bai san farkonsa ba.

Da wannan zuciyar na shigo wurinku, wata Asabar da hantsi, a gajiye, na riga na shirya faɗa. Na zo ne don wata Toyota Matrix da na hango daga titi. Ita nake so, ita ce kuma mafi tsada cikin waɗanda kuɗina zai iya kaiwa.

Baba ne ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. Bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Ya ce, "'Yata, ina kike zuwa kullum?" Na faɗa masa. "Mutum nawa kike ɗauka?" Na ce ni da yara uku. "Doguwar tafiya fa?" Na ce sau biyu ko uku a shekara, Lafiya wurin mahaifiyata. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To wannan da kike kallo mota ce mai kyau, amma injinta 1.8 ne. Za ki rage shan mai, ba za ki rage shi yadda kike nema ba. Zo ki ga waɗannan."

Na dubi Alhaji, ina jiran ya harare shi, don a gabansa ma'aikacinsa yake janye ni daga babban ciniki. Alhaji ya ci gaba da shan shayinsa.

Uku ya nuna mini, duk irin guntayen nan masu ƙofa a baya, waɗanda but ɗinsu yake haɗe da wurin zama. Bai ce ko ɗaya ba ta da aibi ba. Kia Picanto mai injin 1.0, ya ce ita ce za ta fi ƙin shan mai, amma in tuna inda muke zaune. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar nan sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a irin wannan tsayi. Babban inji ba ya nunawa. Ƙarami kuwa, da yara uku da esi a kunne, zan ji shi a kowane hawa, in yi ta taka shi, abin da na rage ya koma. Shekara ashirin ina garin nan, ina koyar da yara cewa muna kan tudu, ban taɓa haɗa wannan da injin mota ba.

Ta biyu Honda Jazz ce, wadda Amurkawa da Japanawa ke kira Fit. Ya naɗe kujerun bayanta ya nuna mini fili kamar ɗaki, har raina ya biya. Sai ya buɗe gaba ya ce in ƙirga fulogi. Silinda huɗu, fulogi takwas, biyu a kowace. Ya ce bakanike da yawa huɗun gaba kawai yake canzawa, bai ma san da na baya ba, mota ta yi ta shan mai ana zagin mai ita. Giyarta kuma irin ta CVT ce, wato wani nau'in giyar otomatik, tana da nata man na musamman, in aka zuba mata na gama-gari an gama da ita. "Motar ba ta da laifi," in ji shi, "sai dai tana son mai kula da ita ya san ta. Kina da irin wannan bakaniken?" Na ce ban da shi.

Ta uku ita ce wadda na tafi da ita: Toyota Yaris ta 2008, injin 1.3, giyar hannu, tankinta lita 42. Ya ce injinta kaca gare shi ba bel ba, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Legas ba, a kasuwar Dilimi ta nan Jos ma za a samu. Sannan ya shiga lissafa mini abin da ke damunta, abin da ban taɓa ji daga bakin mai sayar da mota ba. Shokozoba ɗaya ta baya tana zubar da mai. Hannun ƙofar baya na hagu ya saki. Ya durƙusa ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ya ce tayoyi biyun gaba sun tsufa ko da zanensu bai cinye ba, kada in sauka Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Lafiya, da su. Ya sa aka ɗaga motar, ya haska mini salansa da tocila don in ga abin nan mai tace hayaƙin mota da ake kira indomi yana nan ba a yanke shi ba. Ya ce da yawa ana cire shi a sayar tun kafin mota ta iso hannun mai saye.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji. Ya ce al'adar garejinmu ce, da mota ta iso sai a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Inji kuwa yana da zafin da yake so ya kai kafin ya daidaita shan mai, in bai kai ba kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa. "A Kano ma kuskure ne," ya ce, "balle Jos da hunturu, inda ruwan randa ke gagarar hannu. Duk wanda ya ce zai cire miki shi, ki ɗauki makullinki ki tafi."

Sauran cinikin bai da wani labari. An bar ni na kawo wanda zai duba mini, an ba ni takardun kwastan na je na tantance lambar shasi, Alhaji ya rage kuɗin taya biyu da shokozoba daga farashi, aka rubuta rasit da cikakken adadin da na biya.

Ranar da zan tafi Baba ya ce kada in yarda da maganarsa ma a kan shan mai. In cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in mayar da ƙaramin agogon tafiya sifili, in yi harkata, in koma gidan man nan da famfon nan in sake cikawa, in raba kilomita da litar da ta shiga. Na yi haka sau biyar, ina rubutawa a bayan littafin darasi. A cikin gari ina samun kilomita 13 zuwa 14 a lita. Tsohuwar, da na gwada ta haka kafin in rabu da ita, ba ta kai 7 ba. Wato lita uku a rana maimakon shida. Mai albashin malanta ya san abin da lita uku a rana take nufi a ƙarshen wata.

Ba zan ce ban yi kewar babbar ba. Wannan gajeriya ce, a lungunmu da damina sai na bi a hankali kada cikinta ya daki dutse. Buhun dankali daga Farin Gada ba ya shiga sai an naɗe kujera. Da muka dawo daga Lafiya da kaya da yara, a Hawan Kibo sai da na koma giya biyu ina bin bayan tirela ina salati. Amma duk wannan an faɗa mini tun kafin in biya, shi ya sa bai yi mini zafi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wannan ya zama abin rubuta wasiƙa. Mutum ya faɗi aibin kayansa, ya yi magana da mai kuɗin ba da namijin da ya rako ta ba, shi ke nan fa abin da aka yi mini, amma na fito ina jin kamar an ba ni kyauta. Gwajin da Baba ya koya mini ma ya tona wani abin: akwai gidan man da in na sha a can, tankin nan mai lita 42 yana neman ya ɗauki abin da kamfani bai yi shi da shi ba. Akwai mai facin da ke buga iska da ido, ba ma'auni, alhali an rubuta adadin da taya ke so a jikin motar, kuma taya mai ƙarancin iska mai take ci. Akwai masu juyen baƙin mai da ba sa buɗe galan a gabanka. Ka je yin takardun mota, wanda zai karɓi fayil ɗinka ya tafi salla tun sha ɗaya. In ka yi magana a ce kin cika ƙorafi, Hajiya, haka ƙasar take. Mu ma malamai ban cire mu ba, na san abin da iyaye ke faɗa a kanmu.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya. Baba, Allah ya ba da lafiya da nisan kwana, ya sa yaran da ke koyo a hannunka su ɗauki halin tare da sana'ar. A gaida yaron da ya wanke motar ya ƙi karɓar komai. Roƙona ɗaya, a samar da benci a inuwa, don na ga wata tsohuwa tana jiran ɗanta a tsaye ranar da na zo. Hannun ƙofar nan kuma har yanzu ban gyara ba, Baba, ina nan tafe ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Taku,
Malamar makaranta daga titin Bauchi, Jos.